Wata Takwas Ɗin Da Aka Gaya Maka

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah Ya ƙara rufa asiri, Ya sa albarka a nema. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, Auta ta koma aiki, yarana sun gama jarrabawa. Baba kuwa, saboda shi na zauna rubutun nan.

Ina cikin ɗakin ranar da likita ya yi bayani, don haka zan faɗi abin da na gani, ba ƙari. Baba yana kwance, ya juya fuskarsa bango, yana barci. Likita ya tsaya ta wajen ƙafafunsa da hoton ƙirji a hannu, ya ce ciwon ya yaɗu, aikin tiyata ba zai yi amfani ba. Auta ta tambaye shi saura nawa. Ya ce sanin wannan sai Allah, amma cikin masu irin ciwon da aka bi diddiginsu, na tsakiya ya yi wata takwas. Auta ta fita baranda ta kira ka tana kuka. Ina jin ta daga ciki: wata takwas ya isa gare ka, kalmar "na tsakiya" ta faɗi a hanya. Shi ne ka sa hutunka nan da wata shida, kana ganin ka bar rarar biyu.

Yaya, ka yi haƙuri in yi maka karatun da nake yi wa ɗaliban shekarar farko. A jera marasa lafiya ɗari a layi, daga wanda ya fi saurin rasuwa zuwa wanda ya fi daɗewa. Wata takwas na wanda ke tsakiyar layin ne kaɗai. Rabi sun wuce shi, rabi ba su kai ba. Lamba ɗaya ba ta nuna yadda layin ya bazu, shi ya sa na bi likitan har ƙofar ofishinsa na tambayi sauran. Ya dube ni, ya ce ashe da malamin lissafi yake magana. Sannan ya ce kashi ɗaya cikin huɗu ba su cika wata uku ba, 'yan kaɗan kuma sun yi shekaru. Waɗannan 'yan kaɗan ɗin su ne Inna ta riƙe a ranta, ban kuwa hana ta ba. A aji nakan zana wannan bayani kamar akwati mai gashin baki, ɗalibai su yi dariya. Wannan makon na zana shi, na daɗe ban juyo daga allo ba.

Ban san inda Baba yake a layin ba, ba kuma zan yi ƙaryar sani ba. Na dai ga agogonsa yana zamewa har kusa da gwiwar hannu, kuma mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana juya sitiyarin babbar mota ba ya riƙe kofi sai an tallafa masa. Gani ya kori ji. In ka zo yanzu, Allah kuma Ya ja kwanansa, hutu kawai ka yi asara, mu taru da shi mu yi maka dariya. In ka jira, ka sani fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na layin nan ba su ga wata na shida ba. Ba ni da hurumin ba ka umarni, amma zumunci a ƙafa yake.

Inna tana sa maka albarka. Kawu da Gwaggo da Auta suna gaishe ka. A gaida matarka, a shafa mini kan takwaran Baba.

Ƙaninka,
Ɗan Boko, kamar yadda Baba ke kirana

Gyara ɗaya: na rubuta cewa barci yake. Idonsa ne kawai a rufe. Da safen nan ina gyara masa matashi, ya ce shi direba ne, ya san in an ce tafiyar awa takwas ce, akwai motar da ba ta kai rabin hanya. Ya tambaya ko ka san haka. Na ce na rubuta maka. Ya ce kada in gaya maka ya tambaya.