Kowane Ƙauye Yana da Ta Makaranta

Zomba, ranar Laraba.

Zuwa ga Yayana Dalitso,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da matarka Anti Chikondi. Yaya sanyin Johannesburg, yaya aiki? Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku. Mu nan ruwan ambaliya ya janye, a ƙauye kuma rufin Kawu Bwanali ne kawai iska ta yaye, shi ma an gyara. Na yi ta kiran wayarka ba ta shiga, shi ya sa na rubuto. Don Allah ka karanta har ƙarshe.

Ka san bayan ambaliyar an tura mutanen ofishinmu ƙauyuka su ɗebo ruwan rijiyoyin burtsatse a gwada. Kowane ƙauye da fayil ɗinsa a kwamfuta, sunan ƙauyen yana kan fayil ɗin, a ciki kuwa sunan rijiya ne kawai da yawan ƙwayoyin cutar da aka samu. Yau Lusungu, abokin aikina, ya buɗe baƙin allon nan na kwamfuta da muke buga umarni a kai, ya haɗe fayilolin wuri guda, ya jera su daga mafi muni zuwa ƙasa. Layin farko ya fito da adadin da ya wuce misali. Shugabarmu ta ce a tura mota yanzu a rufe rijiyar, wane ƙauye ne? Muka duba, abin da ke rubuce shi ne "ta makaranta". Yaya, wane ƙauye ne ba shi da ta makaranta? Kowa da ta makaranta, ta coci, ta kasuwa. Da aka haɗe, sunayen ƙauyukan sun tsaya a waje, layukan sun cakuɗe kamar an juye masarar gidaje cikin buhu ɗaya.

Lusungu, sarkin wasa, wai a rufe duka, jama'a su koma shan shayi. Ban yi dariya ba. A ƙauyenmu a ta makaranta Mama take ɗiba, kuma 'yarka Tadala tana hannunta. Allah ya taimaka fayilolin asali suna nan. Na sake rubuta umarnin yadda zai manna sunan fayil a gaban kowane layi kafin ya haɗe su. Na ɗora yatsa a kan maɓalli na kasa dannawa, ina ta roƙon Allah kada ya zama namu ne, alhali na san ko na waye, akwai masu sha. Lusungu ya ce ko sai ya kira min fasto? Na danna. Nsanjika. Ƙauyenmu, Yaya.

Na fita waje na kira Mama. Ka san halinta. Wai ruwan garau yake, ita da take sha kullum ba ta ga komai ba sai kwamfuta da ba ta da baki. Na ce ta tafasa, ta ce itace duk a jiƙe, wanda ya rage na tuƙa tuwon nsima ne, ko so nake su kwana da yunwa? Na ce motar ofis ba za ta iso ba sai an gyara gada. Ta ce ai ni tun ina ƙarama haka nake, ko ƙadangare ya motsa sai na yi ihu.

Muna shirin sallama ta ce, af, Tadala ma ba ta je makaranta yau ba, cikinta ke gudu tun safe, amma kada in damu, tana ta ba ta ruwan gishiri da sukari kamar yadda aka koya musu a asibiti. Na ce da ruwan ina take haɗawa? Sai layin ya yanke. Na kira har na gaji, wayar a kashe.

Tsoro nake ji, Yaya, wallahi tsoro nake ji. Gobe zan bi motar farko, inda hanya ta ƙare in taka da ƙafa, na sayi maganin tsabtace ruwa da na gudawa. Kai kuma ka yi ta kiran Mama da lambar Kawu. Maganata tana ɗaukarta ta yara, taka ce kawai take ji.

Ka gai da Anti Chikondi, amma ka zaunar da ita kafin ka faɗa mata. Ka gai da Madalo da su Baba Phiri. Ku sa Tadala a addu'a.

Ƙanwarka,
Tiyamike