Bugun Ƙofa Daga Bayan Kujerar Baba

Dammam, 3 ga Maris

Ƙanwata Tahani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya ke da Baba. Ga ƙananan lasifika guda biyu na aiko, ƙari a kan doguwar nan ta ƙarƙashin talabijin. A bayan kujerar Baba za ki kafa su, dama da hagu, don sauti ya kewaye shi kamar yana cikin fim ɗin. Ki karanta littafin bayanin da ke cikin kwalin kafin ki taɓa komai. Zuwana kuwa sai aiki ya yi sauƙi.

Yayanki,
Mu'utasim

Irbid, 15 ga Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke, in ka cire gwiwar Baba da kaina da ke sarawa.

Na kafa kayanka. Injiniya guda, ka manta abin da ke bayan kujerar Baba? Ƙofar gida ce! Ka kuma san fina-finan Sham da yake kallo, ba a yin minti biyar ba a buga ƙofa ba. Yanzu duk bugun ta bayansa yake fitowa. Sai ya zabura ya lalubo sanda yana cewa, "Maraba, maraba! Tahani, ɗora gahawa!" Ya buɗe, babu kowa sai takalman maƙwabta. Jiya sau bakwai.

Na ce, "Baba, talabijin ne fa." Ya ce, "In kuma yayanki ne? A gidana ba a barin mutum tsaye."

Shekara uku rabonka da mu, ka aiko masa da abin da zai riƙa yi masa ƙaryar zuwanka. Wallahi raina a ɓace yake.

Ka huta lafiya,
Tahani

Dammam, 24 ga Maris

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki daina ɗaga hankalinki, matsalar saiti ce kawai. Shafi na tara ya yi bayanin yadda ake rage ƙarar na baya. Ki gaida Baba.

Mu'utasim

Irbid, 6 ga Afrilu

Yaya,

Salam. Shafi na tara ya gaishe ka. Na rage, sai bugun ya koma a hankali, irin na mai jin kunya, Baba ya ce ai haka kake bugawa tun kana yaro. Ran Talata garin sauri tabarma ta harɗe shi, muka yini a asibiti. Na ɗauko almakashi zan datse wayoyin, ya ce in na taɓa kyautar ɗansa bai yafe ba.

Amma ka kwantar da hankalinka, ya daina tashi. Ko waiwayawa ba ya yi. Jiya aka buga a fim, da kansa ya ce, "Bar gahawar nan, 'yata. Ba mai zuwa." Ni da na yi wata guda ina roƙon ya zauna, zaman nan ya fi tashin ci mini rai.

Kar ka ƙara aiko mana da komai.

Sai wata rana,
Tahani

Alhamis, ta ƙarƙashin ƙofa

Tahani,

Salam. Ni ne a waje. Tun la'asar nake bugawa, wayata kuma ta mutu a hanya. Ina jin muryar Baba yana ce miki, "Zauna, talabijin ne."

Don Allah ki bar shi ya buɗe da kansa. Zan jira.

Yayanki