Rasuwar Baba Clifford Ormerod, Mai Jiƙa Faifan Katako

Cikin alhini da nauyin zuciya, Ƙungiyar Masu Jifan Kibiya ta Layin Masaƙa, a nan gefen Manchester, take sanar da 'ya'yanta da masoyan wannan wasa na jifan ƙananan kibiyoyi da hannu a kan faifan da ake ratayewa a bango da duk mutanen unguwa cewa labari ya iso mana ranar Lahadi da hantsi na rasuwar babanmu, dattijonmu, Babban Mai Kiran Maki kuma Mataimakin Shugaba na Girmamawa, Mista Clifford Ormerod, wanda ya cika a asibiti bayan fama da ciwon ƙirji, matarsa Uwargida Edna tana riƙe da hannunsa.

Ni da aka ɗora wa rubuta saƙon nan bara na shigo ƙungiya, kakakinmu na da ya koma ɗaya ɓangaren a rabuwar da zan yi bayani a gaba, sai aka ce in riƙe. Abin da na gani da abin da manya suka gaya mini, shi zan faɗa.

Marigayi ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta, kuma tun kafin a haifi yawancinmu yake tsayawa gefen faifan jifa da alli a hannu yana kiran maki, a kulob ɗinmu da manyan gasanni na ƙasa. Ba ya son kai. Kibiyar da ta faɗi ƙasa ba ta da maki a wurinsa ko ta limamin coci ce. Ranar da na fara jifa ƙafata ta haura layin da ake tsayawa, bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Ɗan nan, in sumbatar faifan ka zo yi ka faɗa mana, sai mu juya baya." Haka ya koya wa rabin unguwar nan tsayuwa.

Kowa ya san shi da tsohon faifan katako irin na garin nan, wanda ake yankowa daga gindin bishiya, ƙarami, baƙi ƙirin. Irinsa in ya bushe tsagewa yake yi, shi ya sa da an tashi wasa ake sauke shi a tsoma a ruwa ya kwana. Baba Clifford ne mai wannan aiki, a wani baho da ke bayan kulob, kuma bai taɓa yarda wani ya sa masa hannu ba sai ɗansa Lyndon. Uwargida Edna takan ce faifan ya fi mijinta yawan wanka.

Ƙungiya ba za ta ɓoye abin da kowa ya sani ba. Da manyan 'yan wasa suka raba gari da tsohuwar hukumar wasan suka kafa tasu, Lyndon, ɗansa tilo, wanda da wasan nan yake ciyar da iyalinsa, ya bi sabuwa. Mu muna ƙarƙashin tsohuwa, sai doka ta sauko cewa duk wanda ya yi jifa a faifai ɗaya da ɗan sabuwa an dakatar da shi, kulob ɗinsa ma a cire daga gasa. Ni dai har yau ban gane ba, kibiya uku ce a can, uku ce a nan, nisan layi ma ɗaya ne. Baba Clifford ya zauna tare da mu, bai zagi ɗansa ba, bai zagi hukuma ba. Lyndon kuma daga ranar bai sake tako ƙofar kulob ba don kada ya jawo wa mahaifinsa. In an nuno Lyndon a talabijin, baba yakan tashi ya ce bari ya duba ruwan baho. A can baya akwai 'yar talabijin ta mai dafa mana abinci, kuma babu wanda ya taɓa ce masa ya daɗe.

Al'adarmu ce in ɗan ƙungiya ya rasu, bayan an dawo daga maƙabarta kowa ya jefa kibiya ɗaya, ta ƙarshe kuma ta magajinsa ce, a bar ta a kafe. A nan kwamiti ya tsaya cik. In Lyndon ya yi jifa tare da mu an kore mu daga gasa, in bai yi ba an binne baba babu kibiyar ɗansa. Wasu suka ce a rufe ƙofa a yi shiru, wasu suka ce mutumin da bai taɓa satar maki ɗaya ba ba za a raka shi da ɓoye-ɓoye ba.

Ana cikin haka Uwargida Edna ta shigo ɗaukar rigar sanyin mijinta, ta ɗaga ido ta ga faifan katako a bango. Tun ranar da aka kai baba asibiti yake rataye, kowa ya ga yana bushewa, kowa yana tsoron taɓa abin da ba a ba shi izini ba, har ya tsage daga gefe zuwa kusan cibiya. Ta dubi Mai Girma Shugaban Ƙungiya, Mista Norman Tattersall, ta ce, "Sannu da aiki, mai girma shugaba. Kai da na sani kana yoyon majina, ka tara ƙattai kuna gardama, abin Clifford yana mutuwa a kanku. A kira min ɗana." Ta ɗauki rigar ta fita. Sannan shugaba ya ce faifan nan dai ba tsohuwar hukuma ba sabuwa, babu wadda ta taɓa ɗaukarsa faifan gasa, duk abin wasan tsofaffi suke kiransa, to a kansa za a yi jifan. Ya ce in kuma hukuma ta ga laifi ne, ta fara da shi.

A madadin Mai Girma Shugaba da kwamiti da dukkan 'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyya ga Uwargida Edna, da Mista Lyndon Ormerod da iyalinsa, da abokan marigayi na ɓangarorin biyu. Allah Ya ba shi hutawa, Ya ba iyalinsa haƙuri da ƙarfin zuciya, Ya tsaya wa Uwargida Edna a gidan da ya yi mata faɗi.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a a cocin unguwa, daga nan a zo kulob. Duk wanda baba ya taɓa kira wa maki ya zo da kibiyarsa, ba za a tambayi kowa ɓangarensa a ƙofa ba. Babu mai riƙe alli ranar, za a bar shi inda baba ya ajiye shi.

Jiya Lyndon ya zo, ta ƙofar gaba, ya sauke faifan da kansa ya tsoma a baho. Na tambaye shi ko tsagar za ta rufe. Ya ce ba za ta rufe ba, amma zuwa Juma'a za ta riƙe kibiya.

Sa hannu,
Kieran Duckworth
Kakakin Riƙon Ƙwarya, Ƙungiyar Masu Jifan Kibiya ta Layin Masaƙa