Wane Gefen Tsohuwa Ne Ya Fashe?

Milwaukee, Afrilu 1899

Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ƙafarka ta yi sauƙi. Albishirinka! Ƙanƙara ta fara tsagewa a tafki, kuma Eilert ya rantse bana jirginmu, Tsohuwa, ita za ta riga kowa shiga tashar Escanaba. Ka san doguwar hular silikin da mutanen garin ke ba kyaftin ɗin da ya fara isa bayan sanyi? To, surukinka har ya auna kansa da zare. Na ce, "Da wannan sanƙon naka? Ai zamewa za ta yi." Ya ce, "Ke dai kuku, ji da kofinki, ki bar mini kaina."

Masu jiragen ƙarfe sai dariya suke mana, wai a faskara Tsohuwa a yi girki da ita. Mun loda buhunan gari, an hura tukunyar tururi. Ɗoki ya hana ni cin abinci!

'Yarka, Ragna

Manitowoc

Ragna 'yata,

Na amsa gaisuwarki. Su faskara wa? Kina rarrafe muka ƙera jirgin nan, lokacin da ake cewa hauka ne a sa injin a jirgin dakon kaya. Mu kafintoci muka kasu biyu, ni da mutanena muka ɗauki gefen dama, Gunder da nasa suka ɗauki hagu, aka yi tsere. Tun ranar muke musun gefen wa ya fi ƙwari, har haƙoranmu suka zube ba mu gama ba. Ta yi dakon katako, ta yi na gishiri, ta yi na tama, amma hular nan ba ta taɓa samu ba, kuma abin yana ci mini rai.

Ku je! Ki gaya wa Eilert in ƙanƙara ta taso, ya juya mata gefen dama. Aikina ne, zai ɗauka. Gunder yana nan kusa da ni yana tsaki.

Allah ya tsare. Mahaifinki, Halvor

Escanaba

Baba,

Ina gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta. Dukkanmu lafiya, amma Tsohuwa ta tafi.

Da ka ga gudunta! Ta bar jiragen ƙarfe a baya sai hayaƙinsu muke hange, ma'aikata suna ta ihu suna buga tukwanena. Har mun hango hasumiyar cocin garin sai iska ta juya, ƙanƙara ta rufo mu. Eilert ya murɗa sitiyari yana cewa, "Maganar Baba! A ba ta dama!" Sai muka ji ƙara kamar an sare itace, ruwa ya kashe wutar injin. Muka diro kan ƙanƙara muna kallo ta nutse a hankali, garin da ke cikin buhunan ya mai da ruwan fari fat.

Da ƙafa muka ƙarasa. Mutanen gari suka taro mu da barguna, suka kafa wa Eilert hular, suna cewa ko da ƙafa ne, ai shi ya fara isowa. Ta zame masa har hanci. Ban yi dariya ba, don kuka yake a ƙarƙashinta.

Ragna

Manitowoc

Ragna,

Mun gode wa Allah da ya tsirar da ku. Amma kin tsallake abu ɗaya. Ni na ce a juya mata dama. Wane gefe ne ya fashe? Kada ki ɓoye mini.

Mahaifinki

Escanaba

Baba,

Ina gaisuwa. Ƙanƙara ce ta matse ta dama da hagu, gefe biyun suka fashe lokaci guda. Ina tsaye a wurin. Ga hular nan, Eilert ya ce taku ce ku biyu, kai da Gunder.

Ragna

Manitowoc

'Yata,

Hula ta iso. Gunder ya ce ƙarya kika yi don ki rufa mini asiri, ni na ce don ki rufa masa ne. Muka yi musu har muka gaji, sannan muka yi kuka kamar yara. Yau shi ke sanye da ita, gobe ni.

Kada ki ƙara gaya mana komai. Allah ya yi miki albarka.

Halvor