Zan Riƙe Miki Takalmi

Ya ke sanyin idona, raɓar safiyata, inuwar da na zauna a ƙarƙashinta shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ɗaga kai na ce mata sannu ba! Uwar 'ya'yana, ina gaishe ki daga ƙasar mutane.

Yau aka sa za a yi mini aikin ido, kuma ba a yi ba. Ni da ƙanena mun fito daga masauki da safe, muka tarar an datse titi da shingen ƙarfe, gari duka ya fito biki. Mota ba ta wucewa, ɗan sandan ma rausaya yake yi. Asibiti suka ɗaga aikin zuwa nan da kwana tara. Kin san halina. Na tsaya bakin titi ina tsaki, ina yi wa ƙanena lacca a kan lalacewar duniya, wai ni da duk karatuna ganga ce za ta tare mini hanya.

Sai ayarin ya iso. Masu busa sahu-sahu, manyan motoci lulluɓe da furanni, mutane suna tafiya a kan dogayen sanduna, ƙasa tana girgiza har cikin haƙorana. Idona na hagu ya daɗe da mutuwa, na dama kamar ta bayan labule yake gani, amma ya ga abin da ya ishe shi. Wata tsohuwa ce, wallahi ta girme ki, tana rawa ba takalmi. Mijinta yana biye da ita, ga tumbi, ga gumi sharkaf, takalmanta a hannunsa, jakarta rataye a wuyansa. Dariya yake yi, ko kunya babu! Na buɗe baki zan yi tsaki, sai kuka ya riga shi fitowa.

Kin tuna, tauraruwata? Shekarar da aka tura ni karatu waje na tafi da ke, kina da ƙaramin cikin babbar 'yarmu. Irin wannan ayari ya biyo ta layinmu. Kika tuɓe takalmi kika miƙo mini, kafaɗunki suna kaɗawa kamar reshe cikin iskar damina, fuskarki kamar hantsi bayan ruwa. Ni kuwa abokan karatuna nake kallo, suna tsaye da littattafai a hammata. Na fizgo hannunki har awarwaronki ya karye, na ce matar mai ilimi ba ta rawa a titi. Kika sunkuya kika sa takalminki, kika ce, "To, Alƙali." Sunan ya bi ni har yau. Rawar kuwa ban sake ganinta ba.

Me ilimin ya tsinana mini? Ofis sun sallame ni da agogon bango. Abokan da na ji kunyarsu, rabi suna ƙasa, rabi ba sa ɗaukar wayata. Ke kuma kika ce za ki yi kwana biyu a gidan 'yarmu, yau shekara biyu ke nan. Ba faɗa, ba saki. Gida ya yi tsit, irin tsit ɗin da na yi shekaru ina nema da tsawa. Wayyo, ashe haka yake da nauyi! Wa zan ce wa a rage rediyo? Wa zai yi mini waƙa ƙasa-ƙasa a kicin, ya yi shiru in ya ji takuna?

Likita bai ɓoye mini ba. Idon nan na dama, ko ya gyaru ko ya tafi gaba ɗaya. Kwana tara kaɗai nake da tabbacinsu, su ma bikin nan ne ya ba ni.

Ban ce ki zo ba, ban cancanci ki sha wahalar jirgi ba. Ƙanena zai ɗauki hoton takardar nan ya tura wayar 'yarmu. Idan kin karanta, ki ce ta kira ni ta bidiyo ta riƙe miki wayar, ta kunna duk waƙar da kike so. Na san gwiwa tana damun ki. Ko kafaɗa ɗaya ki motsa, in gani, in shiga ɗakin aikin da ita. Idan kin ƙi, ba zan ga laifinki ba.

Guntun awarwaron yana cikin gidan tabarauna tun ranar. Idan na dawo, da ido ko babu, duk inda kika ji kiɗa ki miƙo mini takalmin. Hannuna lafiyarsa lau.

Naki har a rufe ni da ƙasa,
Alƙalin da ya zo roƙo.