Hannun Chilufya

Litinin, 2 ga Oktoba
Na sake faɗuwa gwajin ɗibar jini. Da na ɗauki allura sai tsoro ya kama ni. Sista Namakau, mai koya mana, ta ce dama ɗaya ta rage min, Juma'a ta sama. In na faɗi babu shiga ɗakin majinyata, sai maimaita aji. Don a ƙarasa ni kuma ta haɗa ni da Chilufya, wai mu riƙa koyo a hannun juna. Duk faɗin ajin nan a rasa wadda za a ba ni sai ita!

Laraba, 4 ga Oktoba
Tun shekarar farko yarinyar nan ba ta taɓa kiran sunana ba, sai "mai cin ɓera". Wai ita 'yar ƙabilar Bemba ce, ni 'yar garin Chipata, mutanenmu da nasu abokan wasa ne, dole in haɗiye. Na kai ƙara wurin Mama a waya, dariya ma ta yi. "Haba Misozi, ki ce mata mai cin biri mana, haka muka taras." Ba zan ce ba. Wasa a gaban aji guda cin fuska ne.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Chilufya ce ta fara ɗibar nawa. Suka ɗaya jini ya taho, ko zafi ban ji ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Da aka zo kaina ta miƙo hannu tana ce wa 'yan aji, "Ku shaida, in na mutu a kai gawata garinmu Kasama." Na soka, ban samu jijiya ba. Na sake, wurin ya kumbura. Na tsane ta.

Asabar, 7 ga Oktoba
Ko tuwon nshima na kasa ci. Da wane ido zan kalli Baba?

Litinin, 9 ga Oktoba
Chilufya ta iske ni a ɗakin koyo ina sukar hannun roba. "Wannan ba ya zagi, shi ya sa kike son sa. Ran Juma'a mutum za a ba ki." Ta naɗe hannun riga. Na ce ba na neman taimakonta. Ta ce, "Wa ya ce taimako? In kin maimaita aji wa zan riƙa zagi?" 'Yar rainin hankali.

Laraba, 11 ga Oktoba
Kullum sai ta zo, bakin nan ba ya hutawa. "Jijiya ce, ba ramin ɓera ba, daina tono!" Yau haushi ya rufe min ido, na manta da tsoro, na soka. Sai ga jini. Ta ce sa'a ce kawai. Na ga ta cije leɓe, amma ruwanta, ita ta kawo kanta.

Juma'a, 13 ga Oktoba
Sista ta ga hannuwan Chilufya, dama da hagu duk sun yi baƙi, ta wanke mu tas. Ta kore ta waje, ta zaunar min da wani ɗan ajinmu. Tsoron ya dawo. Na ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Sai na ji murya ta taga: "Mai cin ɓera, a bar likitanci, a koma gona!" Raina ya ɓaci, na soka.
Na ci gwajin.

Lahadi, 15 ga Oktoba
Zafin nan na Oktoba, amma Chilufya ta je coci da riga mai dogon hannu. A ɗakin cin abinci na ga ta kasa ɗaga faranti. Ba tausayi ba ne, layin ta tare mana. Na karɓa, na kai mata tebur, na ƙara mata 'yan kifina na kapenta don ba na jin yunwa.
Ta ɗago tana jira. Na ce, "Ci, mai cin biri."
Mama ba sai ta ji ba.