Fuskar Gwaggo Indo

Asabar, 3 ga Agusta, 2024
Na gama labarin zanen nan, na tura zaurenmu na waya. Jaruman Turawa kullum sai sun rufe fuska sun sa wando matsattse, kamar an aro na ƙane. Tawa jarumar ba ruwanta da wannan. Tsohuwa ce da zani da mayafi, in ta dafa kan yaro mai zazzaɓi sai ta zare ciwon da yatsu biyu ta yar a kwata. Fuskar Gwaggo Indo na ba ta, har tsagar kumatun. Ita ta goya ni bayan rasuwar Inna, wa zan zana in ba ita ba?

Talata, 6 ga Agusta
Ana ta turawa. Abokina Ramalan mai Adaidaita ya ce har a tashar Kibiya ya ga ana kallo. Kaina ya kumbura, ba ƙarya.

Juma'a, 9 ga Agusta
Ramalan ya zo shagon fentina bayan masallaci, ya ƙi zama. Wai a Unguwar Gai, inda Gwaggo take zaune, cewa ake yi, mai iya cire ciwo ai ta iya sakawa. Na ce zane ne fa, daga kaina na ƙirƙira. Ya ce, "Mika'ilu, su dai Gwaggonka suka gani da mayafinta."
Mayya. Haka suke kiran ta.

Lahadi, 11 ga Agusta
Na je. Ƙosanta ya huce a tire, ba wanda ya saya. Yara na hango ta sai su sake hanya. Ita ba ta ma ga zanen ba, wayarta ƙarama ce. Da na nuna mata ta daɗe tana kallo, sai ta ce, "Ɗan nan, ka cika min hanci." Har da dariyarta. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni.

Litinin, 12 ga Agusta
Na goge. A wayata kaɗai ya gogu.

Alhamis, 15 ga Agusta
Ɗan maƙwabcinta ya kwanta yana sambatu, wai sunanta yake kira. Damina ce, wane gida ne babu mai zazzaɓi? Mutane suka taru a ƙofarta, wai sai ta fito ta tsallake yaron ta sakar masa kurwa. Mai unguwa ya hana a taɓa ta. Ta tsallaka, don a zauna lafiya.
In ya mutu ita ce. In ya warke ma ita ce.

Asabar, 17 ga Agusta
Ya warke. Allura ake ta yi masa a asibiti, amma wa ke zancen allura. Mun ɗauko Gwaggo zuwa gidana a Rano a Adaidaitar Ramalan, ta rungume kaskon suyarta a cinya. Matata Zulaiha ta gyara mata ɗakin tsakiya.

Litinin, 19 ga Agusta
'Yata Lubabatu ta tashi da jiki zafi. Gwaggo ta miƙo hannu za ta dafa kanta, tana cewa, "Zo nan, 'yar gidana." Na riga ta ɗauke yarinyar. Na ce sauri nake yi kar layin asibiti ya yi tsawo. Kuma ai gaskiya ne, ana layi.
Ta mayar da hannun cikin mayafi, ta ce Allah ya sawwaƙe.
Da rana a ɗaki ta ci tuwonta ita kaɗai, kuma ba wanda ya ce mata ta yi haka.